Masu Cewa "Ba Ruwana" a Bakin Ruwan Wagadugu

Akwai wata magana da Bahaushe yakan yi sa'ad da yake so ya zame daga abin da ya shafe shi. Sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ba ruwana." A wani wuri maganar takan wuce ba wanda ya kula da ita. Amma a bakin barajin Wagadugu ba ta kamata ta wuce ba, gama wanda ya faɗe ta yana tsaye ne a kan ruwan da ake sha a birninsa, da kifin da matarsa za ta saya gobe a bakin hanya. Ruwansa ne ƙwarai, kuma wannan ƙaryar ce take kashe wurin a hankali.

Ƙasar Burkina Faso ba ta da bakin teku, Wagadugu kuma ba a kan babban kogi aka kafa ta ba. Abin da birnin yake da shi shi ne madatsun ruwa guda uku a jere ta arewa, waɗanda kowa yake kira baraji: na ɗaya, na biyu da na uku. An gina su wajen lokacin da ƙasar ta sami mulkin kai a 1960, sa'ad da mutanen garin ba su kai dubu 100 ba, kuma ukun tare suna iya riƙe ruwa kusan kubik mita miliyan 15 a lokacin nan. Ƙidayar 2019 ta sami mutum fiye da miliyan 2 da dubu 400 a birnin. Masu sha sun ƙaru ninki ba ninki, tulun kuwa raguwa ya yi, domin yashi da laka da shara suna cike shi daga ƙasa kowace damina.

Ba za a ce wurin ba shi da kariya ba. A gangaren baraji na uku akwai kurmi mai faɗin fiye da hekta 200, wanda tun da can yake ƙarƙashin sarakunan Mosi. Turawan Faransa suka mai da shi gandun daji na hukuma a 1936. A watan Janairu na 2001 aka miƙa shi ga hukumar birni, aka sa masa suna Bangr-Weoogo, watau dajin ilimi da harshen Mosi. Kadoji suna cikinsa, da birai, da tsuntsaye iri iri. A ranar 2 ga Fabrairu 2019 kuma aka shigar da kurmin tare da ruwan baraji ukun cikin jerin wuraren Ramsar, wato fadamu da tafkunan da ƙasashen duniya suka yi alkawarin tsarewa bisa ga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Hekta 945 aka rubuta. Takarda dai ta cika, hatimi ya hau. Sai dai leda ba ta iya karatu ba.

Mai karatu ya je wurin da asuba, kafin babura su cika hanyar Tanghin, ya ga waɗanda suke ci daga ruwan nan. Masunta suna tura kwale-kwale, suna duba tarun da suka kafa da dare. A bakin gaɓa ga masu fatsa a zaune jefi jefi: tsohon ma'aikacin da fanshonsa ba ya kai shi ƙarshen wata, mai gadin dare da ya tashi aiki yana neman abin miya kafin ya koma gida, yara 'yan makaranta a ranar hutu da sandar gora da tana a cikin gwangwani. Karfasa suke nema da tarwaɗa. Mata suna jira da robobinsu, su saya, su fere, su soya a bakin titi da yamma, da kuɗin nan ne kuwa ake sayen sabulu da littafin rubutu a gidaje da yawa. Mafi yawan kifin da ake ci a ƙasar daga waje ake shigo da shi a daskare cikin kwali. Ɗanyen kifin baraji kaɗan ne in aka kwatanta, amma shi ne na talakan birni, wanda ba sai da kuɗin ƙasar waje ake samunsa ba.

To, me mai fatsa yake tararwa a inda ya zauna jiya? Fasassun kwalabe, ledojin ruwan sha da aka tsotse aka yar, baƙar leda ta maƙale a kowace ƙaya, ƙasusuwan kaji, toka a gindin itacen da aka hura wa wuta, da kashin mutum a bayan kowane ɗan duhu. Kafin ya jefa ƙugiya sai ya share wurin da ƙafarsa. In ya ji nauyi ya ja da murna, sau da yawa tsohon takalmi ne ko buhun siminti da ya sha laka.

Waɗanda suka bar wannan ƙazanta ba aljanun ruwa ba ne. Da la'asar suke zuwa, musamman Asabar da Lahadi, da babura da motoci, da akwatin kiɗa mai tsaga kunne. Wani ya tura baburinsa har cikin ruwa yana wankewa da omo, baƙin mai yana yawo a sama kamar bakan gizo. Wasu su buɗe giya, su sha, su yi gasar wanda zai jefa kwalba ta fi nisa. In duhu ya yi sai masu wiwi da ƙwaya su karɓi wurin, mace mai sayar da kifi ba ta da ikon bi ta nan ita kaɗai, masunci kuma ya kwana da fargaba ko zai iske tarunsa da safe. Idan dattijo ya yi ƙarfin hali ya ce, "Ɗana, don Allah ka ɗauke kwalbar nan, yara suna tafiya a nan ba takalmi," amsar da zai samu sananniya ce: "Baba, naka ne wurin? Na gwamnati ne." Dattijon ya yi shiru, gama shi ɗaya ne, su shida ne.

A cikin amsar yaron nan cutar duka take. A wurinsa abin gwamnati abin da ba shi da mai shi ne. Yaron da ba zai tofa yawu a tsakar gidan uwarsa ba, shi ne zai yi fitsari a ruwan da mutum dubu suke ci daga gare shi, ba tare da jin kunya ba. Ba rashin tarbiyya ba ne gaba ɗaya. Tarbiyyar ce ta tsaya a bakin ƙofar gida, ba a fito da ita waje ba.

Amma a yi adalci. Da a ce mashayan yamma su kaɗai ne masu laifi, da aikin ya yi sauƙi. Mafi yawan sharar da take cikin baraji ba wanda ya kawo ta da hannu. Ruwan sama ne ya kawo ta daga cikin unguwanni. Manyan lambatun birni duk can suka nufa. Wanda ake kira na Mogho Naba yana zuba a baraji na biyu, na Zogona yana ƙarewa cikin kurmin Bangr-Weoogo, ruwan yammacin birni kuma yana gangarowa ta wajen Bulmiyugu zuwa baraji na ɗaya. A nan ne maganar ta iso ƙofar mutanen Zongo. Unguwar tana can gefen yamma, wani sashi nata ba a ma yanka filaye ba, motar kwasar shara ba ta da hanyar shiga. Mutumin Zongo zai ce shi bai taɓa zuwa bakin baraji ba, ina ruwansa? Amma kowa ya san abin da ake yi in hadari ya haɗo: sai a ga mata da yara suna fitowa da gudu da bokitan shara, suna juyewa a cikin kwata domin ruwa ya tafi da ita. Ruwan kuwa yana tafiya da ita, amma ba sama yake kai ta ba. Abin da aka juye a Zongo da azahar, wani mai fatsa ne zai ciro shi a ƙugiyarsa. Abin da ya tsere wa baraji ya bi rafin Masili ya faɗa kogin Nakambe, ya nufi Bagre, daga can ya shiga Gana.

Akwai amalanken jaki da ƙungiyoyin mata suke bi da su gida gida suna kwashe shara a kan ɗan kuɗi kowane wata, akwai kuma babban wurin zubar da shara na birni a Polesgo tun 2005. Gaskiya ne akwai gidajen da ko wannan ɗan kuɗin ya fi ƙarfinsu, ba kuwa su ake nufi ba. Ana nufin maigidan da yake da kuɗin katin waya kowace rana, da kuɗin shayi da na gasasshen nama, amma in mai amalanke ta zo sai ya ce ta dawo wani wata.

Ruwan wanki da na bayan gida da takin zamani da yake gangarowa daga lambuna, su ne abincin kainuwar nan mai fure ruwan shuɗi da ta addabi baraji. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne. A ruwa mai ƙazanta takan ninka kanta cikin mako biyu ko kusa da haka, ta rufe fuskar ruwa kamar tabarma, ta hana hasken rana shiga. In ta ruɓe sai ta cinye iskar da kifi yake shaƙa. Kwale-kwale ba ya ratsa ta, taru ba ya nutsewa a cikinta, sauro kuwa ya sami gida. An sha fitowa gayya ana janye ta, hukuma da sojoji da masunta da 'yan sa kai, a tara ta tuli tuli a bakin gaɓa, a ɗauki hoto. Bayan 'yan watanni ta dawo. Dole ta dawo, tun da ana yanke ganye ne ana kuma ci gaba da zuba mata taki ta lambatu.

Wani zai ce ai yanzu ruwan famfo daga Ziga yake zuwa, me ya rage na baraji? Lalle tun 2004 madatsar Ziga, a kan Nakambe, ita take ɗauke da mafi yawan nauyin birnin. Amma ba a rufe tashar tace ruwa ta Paspanga ba, wadda take karɓar ruwan Lumbila da na baraji. Ƙazantar ruwa kuwa ita take ƙara yawan maganin da za a zuba a tace shi, kuɗin maganin kuma a takardar biyan ruwa yake ɓuya. Ban da haka, baraji shi ne kwanon da yake tare ruwan sama in ya yi yawa. Wanda ya ga ranar 1 ga Satumba 2009 ba ya bukatar a yi masa bayani. A ranar nan aka yi ruwa fiye da milimita 260 cikin sa'o'i kaɗan, gidajen laka suka narke kamar gishiri, mutum wajen dubu 150 suka rasa wurin kwana, har aka kwashe marasa lafiya daga babban asibitin Yalgado Ouédraogo. Ba leda ce ta sa aka yi ruwan ba, kuma ko da lambatu duka a share suke, da an yi ɓarna. Amma lambatun da ya toshe da shara da barajin da laka ta rage masa zurfi ba su taimaki kowa ba a ranar nan. Shekaru sun wuce, ga shi ana ta cika su kamar ba a taɓa yin komai ba.

Doka ma ba a rasa ba. A watan Mayu na 2014 majalisa ta hana kerawa da shigowa da sayar da ledar da ba ta ruɓewa. Shekara goma bayan haka baƙar leda tana nan a hannun kowane mai tumatir, har aka sake yin wata doka mai tsanani a watan Disamba na 2024. A 2025 kuma aka kafa rundunar da ake kira Laabal domin hukunta masu rashin ɗa'a a tituna da kasuwanni. Madalla. Sai dai a tuna, tsoron bulala yana aiki ne muddin mai bulala yana tsaye. Ba hukumar da take da ma'aikatan da za ta tsayar a kowane gindin itace na hekta 945 dare da rana.

Abin da ya fi ban kunya a cikin al'amarin nan shi ne waɗanda suke sharewa. Tun 1995, a zamanin magajin gari Simon Compaoré, aka kafa ƙungiyar mata masu sharar tituna da ake kira Brigade verte. Yawancinsu matalauta ne, da gwauraye, da tsofaffi. Suna fitowa tun gari bai waye ba, su sunkuya da tsintsiya a tsakiyar motoci. Saurayi mai ƙarfin da zai iya ɗaukar buhun masara da hannu ɗaya ya kāsa ɗaukar ledar da ya sha ruwa a ciki, ya bar ta wa sa'ar kakarsa. In wannan ba raini ga tsofaffi ba ne, to, menene sunansa?

Akwai masu ganin magani ɗaya ne: a kori kowa. A kori masu lambu, a kori masunta, a kori mata masu suya, a zagaye ruwan da waya. Wannan shawara tana da daɗin faɗa a ofis mai sanyi. Hausawan Wagadugu kuwa sun san ɗanɗanon irinta. A 2003 aka rushe Zangwetin, tsohuwar unguwar Hausawa a tsakiyar birni, tare da maƙwabtanta, domin shirin ZACA, aka watsa dubban mutane zuwa bayan gari, filin kuma ya daɗe yana zaune fayau, ciyawa da shara suna cinsa. Wurin da aka kore mutanen kirki ba ya zama da tsabta. Yakan zama na waɗanda ba sa tsoron waya. Dokar da ta ce a bar tazara tsakanin bakin ruwa da gona ko gini daidai take, gama garmar da take huɗa har bakin gaɓa ita take tura ƙasa cikin baraji. Amma in za a tsaga layi, a fara da mai gidan giya da mai wurin wankin mota da suka kafa a kan gaɓa, kafin a zo kan matar da take da kwami huɗu na salak, ita kuma a nuna mata inda za ta koma.

Masunta ma ba za a wanke su tas ba. A cikinsu akwai mai kafa taru mai ƙananan idanu, har da gidan sauron da aka raba domin 'ya'yansa, yana kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba. Akwai wanda ake zargi da zuba maganin ƙwari a ruwa domin kifi ya taso. Akwai mai fatsa da yake yar da zaren roba da ƙugiya a cikin ciyawa, su naɗe ƙafar tsuntsu ko su shiga tafin yaro. Dokar gandun daji ta ƙasar ta ce sai da takardar izini ake su, amma takarda ba ta hana mutum cin irin da zai shuka.

Duk da haka, a cikin dukan waɗanda suke zuwa bakin baraji, masunci ne kaɗai yake can kowace rana, shi ne kuma zai fara kwana da yunwa in ruwan ya mutu. Saboda haka shi ya kamata a ba riƙon wurin. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu, cikin jihar Kebbi ta Nijeriya, akwai wani sashi na kogi da ake kira Matan Fada, inda ake hana su har sai lokacin bikin kamun kifi ya zo. Bikin ya samo sunansa tun 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Mutanen waje suna ganin manyan giwan ruwan da ake fitarwa suna mamaki. Ba abin mamaki a ciki: akwai Sarkin Ruwa, kowa ya san shi, kowa ya san ba a shiga sai ya ce a shiga. Kifin ya yi girma ne domin an bar shi ya girma, an kuwa bar shi ne domin ruwan yana da wanda za a ji kunyarsa.

Ba a ce a ɗauko rawani daga Kebbi a naɗa wa wani a Tanghin ba. Mosi suna da nasu sarakunan ƙasa, masunta kuma suna da ƙungiyoyinsu. Abin da ake nema shi ne hukumar birni da ma'aikatan ruwa da daji su raba gaɓar kashi kashi, kowane kashi a san ƙungiyar da take riƙe da shi, a rubuta a allo, a ba su ikon cewa "ba a wanke babur a nan," a kuma ba su lambar da za su kira a zo musu da gaske. Dattijon da ya yi shiru a gaban samari shida ba zai yi shiru ba in ya san akwai mutum ashirin a bayansa da hukuma a bayansu. Sa'an nan a kafa gangunan shara waɗanda ake kwashewa, gama gangar da ta cika ta tumbatsa juji ce kawai mai fenti. A gina masai, ko da na biyan ɗan kuɗi ne. Wa'azin tsabta ga mutumin da cikinsa ya murɗa, ba wurin zagayawa, ɓata baki ne. Mai sayar da abin sha a bakin ruwa kuma a ɗora masa nauyin kwalabensa: in an iske su a gaɓa da safe, shi za a tambaya.

Saura magana ɗaya, ta cikin gida. Bayan Kirsimati da Litinin ɗin Ista, ƙungiyoyin matasa da na mawaƙa da 'yan makarantar Lahadi sukan cika motoci su tafi shan iska a Bangr-Weoogo ko bakin baraji. Ana yin addu'a kafin a ci, ana yin waƙa bayan an ci. Mai gadin wurin da zai zo washegari ba ya iya bambanta inda 'yan ikilisiya suka zauna da inda mashaya suka zauna, sai dai a nan ledar bisap ce, a can kwalbar giya. Shugaban matasan da ya iya ƙirga kawuna sau biyu kafin mota ta tashi, domin kada a bar yaro a baya, zai iya sa buhu biyu a cikin kayan tafiya, ya kuma hana direba tayar da mota sai an cika su. Dattawan da suke ba da kuɗin man motar su ma suna da bakin tambaya in an dawo: ina buhunan?

A Zongo kuwa aikin yana farawa ne kafin ruwan fari. A watan Mayu lambatu a bushe suke, ana ganin abin da yake cikinsu, ana kuma iya kwashe shi da shebur da baro. In aka bari har Yuni, ba sauran wanda zai kwashe shi sai masunci, da tarunsa.